Idan Baƙi Suka Rinjayi Masu Gida: Rigimar Kujeru a Filayen Besbol na Amurka

A watan Oktoba na 2022 ƙungiyar besbol (wasan da mai jifa ke jefa ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda) ta San Diego Padres ta fito da wata ƙa'ida da ta ɗaure wa mutane da yawa kai. Za ta karɓi baƙuncin Los Angeles Dodgers a zagayen fitar da gwani, sai ta sanar cewa ba kowa za ta sayar wa tikiti ba. Sai wanda adireshinsa ke gundumar San Diego, ko kudancin gundumar Orange, ko yammacin jihar Arizona, ko Las Vegas da kewayenta, ko jihar Baja California da ke tsallaken iyaka a ƙasar Meziko. Mutumin Los Angeles kuwa, wanda tsakaninsa da filin bai kai kilomita 200 ba, ko da kuɗinsa a hannu ƙofa a rufe take. Da ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a 2024, aka sake kafa irin wannan sharaɗi.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai yi mamaki. Ɗan kasuwa ne yake korar mai saye da hannunsa. Sannan a Firimiyar Ingila wannan magana ba ta ma tasowa, don ana ware wa baƙi kusurwarsu, kujeru 3,000 ko kashi 10 cikin 100 idan filin ƙarami ne, a kewaye su da masu gadi, sauran filin duk na masu gida. A besbol ɗin Amurka babu wannan rabo. Mai rigar Dodgers yana zama kafaɗa da kafaɗa da mai rigar Padres, kuma a wasu ranakun shuɗayen rigunan baƙi sukan yi yawan da 'yan wasan gida za su fito a karɓe su da ihun raini a filinsu.

Duk lokacin da haka ta faru, hukuncin da ake saurin yankewa shi ne masu gida ba su da kishi. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Kowace kujerar da baƙo ya zauna a kai, wani ne ya sayar masa da ita, kuma daga nan ya kamata a fara bincike.

## Filin da ba shi da shinge

Babbar gasar besbol, wadda ake kira MLB, tana da ƙungiyoyi 30: guda 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada. Kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, rabi a gida rabi a waje. Wato wasa 81 a filinta, alhali ƙungiyar Firimiya wasa 19 take yi a gida a gasar lig. Fili mai cin mutum 40,000 ke nan yana da kujeru sama da miliyan 3 da zai nema wa masu saye a kaka ɗaya, har da daren Talata na watan Afrilu, ga sanyi, ga yara za su makaranta da safe. Kuma ba a zuwa gari a buga wasa ɗaya a juya. Baƙi sukan sauka su yi kwana uku ko huɗu ana fafatawa kullum, saboda haka mai goyon bayan da ya taso ranar Juma'a zai kalli wasa uku kafin ya koma aiki ranar Litinin. Tafiyar ta biya kuɗin mai da na otal.

Akwai kalmomi uku da sai an riƙe su kafin a gane sauran bayanin. Tikitin kaka shi ne mutum ya sayi kujera ɗaya ta dukan wasannin gida, ko wani kaso daga cikinsu, tun kafin a fara gasa. Kasuwar sake sayarwa ita ce dandalin intanet inda mai tikiti yake sayar wa wani. A da, dillalai ne ke yin wannan a bakin ƙofa suna waige-waigen 'yan sanda. A 2007 MLB ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin StubHub, sana'ar ta zama halal a idon hukumar wasan, a 2023 kuma kamfanin SeatGeek ya karɓi wannan matsayi. Na uku shi ne farashi mai hawa da sauka: kwamfuta ce ke ɗaga kuɗin kujera ko ta sauke shi gwargwadon yawan masu nema. San Francisco Giants ce ta gwada shi a wasu kujeru a 2009, ta shimfiɗa shi a duk filinta a 2010, sauran ƙungiyoyi suka bi sahu.

Adadin 'yan kallo da ake sanarwa bayan kowane wasa kuma lissafin tikitin da aka sayar ne. Ba ya bambance wanda ya zo da wanda ya zauna a gida, balle ya faɗi launin rigar mai shi.

## Darasin Washington

In ana neman misali ɗaya da ya tattara komai, birnin Washington ne. Bayan kakar 1971 ƙungiyar birnin ta tattara ta koma Texas, aka yi shekara 33 babu besbol na MLB a babban birnin Amurka. A 2005 aka ɗauko ƙungiyar Expos daga Montreal aka raɗa mata suna Nationals. Yaron da aka haifa a Washington a 1972 ya girma, ya yi aure, ya haifi nasa yaran, garinsu ba shi da ƙungiya. Ko dai ya bi Orioles ta Baltimore da ke kusa, ko ya gaji ƙungiyar da mahaifinsa ya zo da ita daga wata jiha, tunda Washington gari ne na ma'aikatan gwamnati da suka taru daga ko'ina.

A 2008 aka buɗe sabon fili, Nationals Park, wanda birnin ya zuba sama da dala miliyan 600 a gininsa. A wannan shekara ƙungiyar ta sha kashi sau 102, a ta gaba sau 103. A arewa da ita kuma, tafiyar kilomita 225, Philadelphia Phillies tana kan ganiyarta: ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakaran MLB, a 2008, ta jagoranci rukuninsu shekara biyar a jere daga 2007 zuwa 2011, filinta kuma ya cika maƙil a wasa 257 a jere. Mutumin Philadelphia ba ya samun kujera a gida, ga kujeru nan zube a Washington. Shugaban Nationals na lokacin, Stan Kasten, har gidan rediyon Philadelphia ya shiga a 2009 yana gayyatar su. Sashen sayar da tikiti ma ya riƙa sayar wa tawagogin da ke tasowa cikin manyan motocin safa.

Ranar buɗe kakar 2010, 5 ga Afrilu, Shugaba Barack Obama ne ya yi jifan farko na girmamawa. Phillies ta lallasa masu gida 11 da 1, kuma a sassa da dama na filin murna ake yi. Mutanen Philadelphia suka laƙaba wa wurin sunan filinsu, suna ce masa Citizens Bank Park na Kudu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa mai gidan ne da kansa ya tsaga bangon.

A 2012 Nationals ta sauya salo. Ta ƙaddamar da wani kamfe mai nufin a ƙwato filin: tikitin wasanni uku da za ta yi da Phillies daga 4 zuwa 6 ga Mayu, wata guda cur ba a sayar wa kowa sai mai katin banki da adireshinsa ke Washington, Maryland ko Virginia. An yi ta cacar baki, kuma baƙin sun zo duk da haka ta hanyar kasuwar sake sayarwa. Amma a wannan shekara Nationals ta ci wasa 98 ta jagoranci rukuni, Phillies kuma ta fara gangara. Daga nan jajayen rigunan gida suka fara rinjaye. Da tauraron Nationals, Bryce Harper, ya koma Phillies a 2019 kan kwantiragin shekara 13 na dala miliyan 330, motocin safa sun sake kamo hanyar Washington don ganin dawowarsa. A ƙarshen wannan kaka dai Nationals ce ta ɗauki kofin World Series.

## Daga ina baƙin suke fitowa

Kashi na farko maƙwabta ne masu lissafi. Filin Fenway Park na Boston, wanda aka buɗe a 1912, ƙarami ne, bai kai mutum 38,000 ba, kuma daga 2003 zuwa 2013 ƙungiyar Red Sox ta riƙa sanar da cewa tikitinsa ya ƙare a kowane wasa. A daidai wannan lokaci Orioles tana cikin shekara 14 a jere, 1998 zuwa 2011, da asararta ke rinjayar nasara. Magidanci a Boston ya iya gano cewa tafiya Baltimore da iyali ita ce hanyar da ta fi sauƙi ta ganin ƙungiyarsa, har aka riƙa kiran filin Orioles, Camden Yards, da Fenway ta Kudu. Haka 'yan Chicago Cubs suke yi wa Milwaukee, tafiyar kilomita 145, suna kiran filin can da sunan nasu filin, Wrigley ta Arewa. A 2018 ƙungiyar Milwaukee Brewers ta ware wa mazauna jihar Wisconsin damar fara sayen tikitin wasanninta da Cubs kafin kowa.

Kashi na biyu ba ma baƙi ba ne, 'yan gari ne. Jihohin Florida da Arizona sun cika da mutanen da suka ƙauro daga New York, Boston, Chicago da Kalifoniya, wasu don aiki, wasu don hutun tsufa a ƙasa mai ɗumi. Ƙungiyoyin Tampa Bay Rays da Arizona Diamondbacks duka a 1998 suka fara wasa, lokacin da waɗannan mutane suka riga suka yi shekaru aru-aru da ƙungiyar zuciyarsu. A birnin Tampa ɗin ne ma New York Yankees take atisayen share fagen kaka. Da guguwar Milton ta yaye rufin filin Rays a Oktoban 2024, a wannan filin atisaye na Yankees ƙungiyar ta yi zaman aro a kakar 2025. Mai hular Yankees da ke zaune a wasan Rays yana iya zama mai biyan haraji a garin tun shekara talatin.

Talabijin ya haifar da kashi na uku. Daga ƙarshen 1976 tashar attajiri Ted Turner ta fara watsa shiri ta tauraron ɗan adam zuwa duk Amurka, da wasannin Atlanta Braves a ciki. A 1978 tashar WGN ta yi haka da na Cubs. Yara a garuruwan da ba su da ƙungiya suka tashi da son Braves ko Cubs ba tare da sun taɓa taka Atlanta ko Chicago ba. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Kano ko Maradi ya ga ana neman ba hamata iska kan Arsenal da Chelsea, ya san irin wannan soyayya, kuma ya san ba ta wasa ba ce.

A Seattle abin ya haɗa da kishin ƙasa. Tun da Expos ta bar Montreal, Toronto Blue Jays ce kaɗai ƙungiyar Kanada, kuma mai ita, kamfanin sadarwa na Rogers, yana watsa wasanninta daga gabar teku zuwa gabar teku. Mutumin Vancouver yana da tazarar fiye da kilomita 3,000 zuwa Toronto, amma Seattle kusan kilomita 230 ce. Don haka zuwan Blue Jays Seattle, sau ɗaya a kaka, ya zama bikin shekara ga dubban mutanen yammacin Kanada. A Satumban 2016 gwanin jifa na Seattle Mariners, Félix Hernández ɗan ƙasar Venezuela, ya gama zagaye na bakwai cikin zagaye tara na wasan bai bari an ci shi ko ɗaya ba. Yana fita daga fili ya dubi taron shuɗayen riguna, yana nuna ƙasa da yatsa, yana ɗaga murya cewa nan gidansa ne.

Akwai kuma tawagogi masu tsari. Pantone 294, wadda ta ɗauki sunanta daga lambar shuɗin launin Dodgers, da 7 Line Army ta New York Mets, mai sunan jirgin ƙasan da ke kai mutane filinsu, sukan sayi sashe guda na fili su zauna tare da tutoci. Mutum dubu da suka haɗa murya a wuri ɗaya sun fi dubu biyar da ke warwatse amo. Jadawalin da aka sauya a 2023, wanda ya sa kowace ƙungiya take karawa da sauran 29 duk shekara, ya ƙara musu garuruwan zuwa.

## Wa ya sayar da kujerar

Kulob ne na farko. Wasan da Yankees, Dodgers, Red Sox ko Cubs za su zo shi ne mafi tsada a jadawalin kusan kowace ƙungiya, kuma kwamfutar da ke tsara farashi ba ta tambayar wa kake goyon baya. Baƙo ma ya fi ɗan gari kashe kuɗi a yini ɗaya, don a wurinsa yawon buɗe ido ne. Otal-otal da gidajen abinci da ke kewayen fili suna maraba da shi.

A Yulin 2023 shagon kulob ɗin Mariners da ke filin Seattle ya jera rigunan Blue Jays gabanin zuwan 'yan Kanada. Hoton ya yaɗu, 'yan wasan Mariners biyu, Paul Sewald da J.P. Crawford, suka nuna ɓacin ransu a fili, aka kwashe kayan. A Afrilun 2013 kuma, a Arizona, wasu masu rigunan Dodgers sun zauna a kujeru masu tsada da ke bayan mai bugu, inda kyamarar talabijin take haskawa a kowane jifa. Mai ƙungiyar Diamondbacks, Ken Kendrick, ya sauko da kansa, aka ba su zaɓi: su sauya riga ko a sauya musu wuri. Suka sa kayan Diamondbacks. An karɓi kuɗinsu, abin da ba a so shi ne duniya ta ga launinsu.

Na biyu shi ne mai tikitin kaka, kuma a nan ne maganar kishi take rikicewa. Ba mai aikin da zai iya halartar wasa 81. Mutum ya biya kuɗi mai yawa tun cikin hunturu. Idan ya sayar da wasanni shida ko bakwai da ake rububinsu, zai mayar da wani kaso mai tsoka na abin da ya kashe, ya samu halin sabunta kujerarsa baɗi. Wanda ake zargi da sayar da gida shi ne sau da yawa wanda ke zaune a wurin daren Talatar nan ta Afrilu, lokacin da filin ya zama kufai. Na uku dillalai ne, waɗanda ke sayen tikitin kaka da yawa ba don kallo ba, kuma kulob-kulob sun daɗe suna sayar musu a shekarun da kasuwa ta mutu.

## Me ake nufi da kishin ƙungiya

Masu ra'ayin farko suna cewa fili gida ne, kuma wanda ya bari baƙo ya kore shi daga zaurensa ba shi da bakin magana. Hujjarsu tana da ƙarfi: magoya bayan Cubs sun yi shekara 108 ba su ga kofi ba kafin 2016, amma filin Wrigley bai zama na wasu ba. A ganinsu, mai zuwa sai ana nasara ɗan kallo ne kawai. Suna kuma nuna Tampa Bay, ƙungiyar da ta ci wasa 99 a 2023, amma mutum 19,704 kacal suka sayi tikitin wasanta na farko a zagayen fitar da gwani.

Ɗaya ɓangaren yana cewa kishi ba bashi ba ne da talaka zai yi ta biya wa attajiri. Idan mai ƙungiya ya sayar da gwanayen 'yan wasa ya ƙi kashe kuɗi, ƙaurace masa ita ce kaɗai muryar da mai goyon baya yake da ita. Oakland ce shaidarsu. Ƙungiyar Athletics ta rabu da taurarinta irin su Matt Olson da Matt Chapman a 2022, ta ƙara kuɗin tikitin kaka, filin ya bushe, sai aka riƙa nuna kujerun da babu kowa a matsayin hujjar cewa garin ba ya son besbol. Ranar 13 ga Yuni 2023 mutanen Oakland suka juya ƙauracewar: mutum 27,759 suka zo, dubbai sanye da korayen riguna masu kalma ɗaya, wadda ke nufin a sayar. A farkon zagaye na biyar suka miƙe tsaye suka yi tsit, sannan suka ɓarke da kiran mai ƙungiyar, John Fisher, ya sayar da ita, har mai jifa ya kasa jin na'urar da ke isar masa da saƙon irin jifan da zai yi. A cikin wannan makon majalisar jihar Nevada ta amince da dala miliyan 380 don gina wa ƙungiyar fili a Las Vegas.

Colorado ta nuna ɗaya gefen. Ƙungiyar jihar, Rockies, ta sha kashi sau 119 a 2025, duk da haka ta sayar da tikiti sama da miliyan 2, da taimakon kyawun filin Coors Field da yawan masu zuwa ganin ƙungiyoyin baƙi. Ga mai ƙungiya, wannan kwanciyar hankali ne. Ga ɗan garin da ke son a gyara, baƙin sun toshe masa hanyar da zai nuna fushi, don ko ya zauna a gida kujerarsa ba za ta yi kwantai ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai a nan alhakin ya fi nauyi a kan wanda ke riƙe da farashi da kuma kuɗin sayen 'yan wasa.

## Ihu yana cin wasa?

Kaɗan ne. A tarihin MLB masu gida suna cin kusan wasa 54 cikin 100, ƙasa da abin da aka saba gani a ƙwallon kwando. Wani ɓangare na wannan riba daga dokar wasa yake, don mai gida ne ke bugu na ƙarshe, kuma ya san lungu da saƙon filinsa, tunda filayen besbol ba girmansu ɗaya ba. A 2020, da annobar korona ta sa aka buga wasa 60 babu 'yan kallo, nasarar masu gida ba ta ragu ba. A World Series na 2019 kuwa, duka wasanni bakwai baƙi ne suka ci. Abin da mamayar baƙi take taɓawa shi ne mutunci da jin daɗin zama, ba teburin gasa ba.

## Ƙa'idar adireshi

Ƙa'idar tana aiki ne a ƙofar kulob kawai. Da tikiti ya shiga hannun ɗan gari, yana da damar sa shi a kasuwa, kuma mutumin Los Angeles zai saya da tsada. Ribar da kulob ya ƙi karɓa sai ta koma aljihun mai sake sayarwa. Tana kuma kama wanda ba shi aka nufa ba: ɗan San Diego da aiki ya kai shi Los Angeles yana cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa. Ko a Turai, inda ake da shinge, kasuwa takan fasa shi. Ranar 14 ga Afrilu 2022 an ware wa Eintracht Frankfurt kujeru 5,000 a Camp Nou, amma kusan mutum 30,000 suka shiga da fararen riguna, suka ga ƙungiyarsu ta doke Barcelona 3 da 2.

Duk da haka filin Petco Park ya cika da ruwan ƙasa da ruwan zinari, launukan Padres, a Oktoban 2022, kuma ƙungiyar da ta ci wasa 89 a kaka ta fitar da Dodgers mai wasa 111. Abin da ya faru kafin ƙa'idar ne ya ba ta ƙarfi. Kulob ɗin ya ɗauki Manny Machado a 2019 kan dala miliyan 300, ya ci gaba da zuba kuɗi a ƙarƙashin shugabansa Peter Seidler, wanda jikan Walter O'Malley ne, mutumin da ya ɗauko Dodgers daga Brooklyn zuwa Los Angeles a 1958. Ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Chargers kuma ta bar San Diego ta koma Los Angeles a 2017, abin da ya ƙara wa mutanen garin haushin babban maƙwabcinsu. Masu tikiti sun ga farashin da ake tayawa, da yawansu suka ƙi sayarwa. A 2023 da 2024 Padres ta kafa wa kanta sabon tarihin yawan 'yan kallo, sama da miliyan 3 kowace shekara.

## Abin da ya shafi mai ƙaramin ƙarfi

Magidancin da ke iya kai yaransa fili sau biyu ko uku a shekara shi ne ya fi jin jiki. Wasan da yaran suka fi so, wanda babbar abokiyar hamayya za ta zo ranar Asabar, shi ne kwamfuta ta fi ɗaga wa farashi, saboda yana gogayya da mutanen wani gari mafi yawa da arziki. In ya daure ya biya, yana iya samun kansa a tsakiyar masu rera waƙar wasu. Wani nazari da jaridar New York Times ta buga a 2014 bisa bayanan Facebook ya nuna cewa wajen shekara takwas ne yaro ya fi kama ƙungiyar da zai bi har tsufa, musamman idan ta ɗauki kofi a lokacin. Kulob ɗin da ya cika kujerunsa da baƙi ya samu kuɗin bana, amma yaron da ya kamata ya zama mai tikitin kaka nan da shekara ashirin yana gida, ko yana zaune yana kallon yadda wasu ke murna.

Maganar tsaro ma tana nan. Yawancin wasanni ana tashi lafiya, ana zolayar juna ana raba gyaɗa, kuma Amurkawa da dama suna ganin wannan cakuɗuwa abin alfahari ce. Amma ranar 31 ga Maris 2011, bayan wasan buɗe kaka, wasu mutum biyu sun doki wani mai goyon bayan Giants a wurin ajiye motoci na filin Dodgers, ya samu raunin ƙwaƙwalwa na dindindin. A 2014 masu taimaka wa alƙali suka yanke diyyar kusan dala miliyan 18, suka ɗora wa kulob ɗin wani kaso na alhaki saboda sakacin tsaro.

Sai batun haraji. Filaye da yawa da kuɗin jama'ar gari aka gina su, bisa alkawarin cewa ƙungiyar tasu ce. Athletics ta bar Oakland bayan kakar 2024, bayan zama tun 1968. Yanzu tana wasa a wani ƙaramin fili mai cin kusan mutum 14,000 a West Sacramento, ta kuma cire sunan kowane gari daga nata. Filin da ake gina mata a Las Vegas, mai kujeru 33,000 a inda otal ɗin Tropicana yake a da, ana sa ran buɗe shi a 2028. A lissafin da aka gabatar wa 'yan majalisar Nevada, masu yawon buɗe ido ne za su cika wani kaso mai tsoka na kujerun a kowane wasa, kuma yawancin irin waɗannan mutane da rigar ƙungiyar garinsu za su zo.